Da I Ta Fara ko da E?

Kalma ɗaya tak ta jefa wa Auta a bakin ƙofar shagon tabarau, ta juya abinta ta koma ciki, shi kuwa ya tafi da kalmar kamar wanda aka ɗora wa garwashi a tafin hannu aka ce ya kai gida.

Auta mai gyaran wutar lantarki ne, kuma a sana'arsa ba a kawo masa raini. Yakan kalli bango ya gaya maka inda waya ta bi da inda ta gaji. Cutarsa ɗaya ce: in zuciyarsa ta buga, bakinsa ne ke ɗaukar caji. Wasu samarin in sun ga wadda suke so sai su daburce su yi tsit. Shi kuwa sai ya ɓarke da bayani.

A ɗakin ciki na shagon tabarau akwai allon gwajin ido, farin akwatin nan mai haruffa, ƙaton E a sama, sauran suna ƙanƙancewa har su koma kamar sawun tururuwa. A cikin akwatin akwai ƙwan fitila guda, kuma ƙwan nan ne ya fara kai Auta shagon. Ya je ya tarar ya ƙone, ya sa sabo, ya juyo zai tafi, sai ya ga wadda ke gwada idon mutane tsaye tana kallonsa. 'Yan layin suna ce mata Mai-Tabarau. Doguwa ce, mai wushirya, hannunta kullum yana ƙamshin wani man shafawa mai kama da lemon tsami, kuma tana da ɗabi'ar tura tabaranta sama da ɗan yatsa duk lokacin da za ta faɗi abin da ba ta so a gane ko da gaske take.

Tun daga ranar ƙwan ya ƙi zaman lafiya. Ba a rufa mako sai an kira Auta an ce allo ya mutu. In ya zo ya buɗe akwatin, sai ya tarar ƙwan lafiyarsa ƙalau, kwancewa kawai ya yi daga mazauninsa. Ya murɗa shi, haske ya dawo, ita kuma ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Injiniya," da wata murya da ke hana shi gane hanyar gida.

A ranar da abin ya faru, Auta ya fito da niyya. Ya goge takalmi, ya sa rigar da ba ta taɓa hawa tsani ba, ya haddace jimla uku da zai faɗa mata, har ya gwada su a kan babur. Ya murɗa ƙwan kamar kullum. Babu mai jiran gwaji, mai shago yana can gaba yana goge gilasai. Sai ga ta da kofi biyu na shayi, ta ajiye masa ɗaya a kan teburin gilasan gwaji, ta zauna ta yi tagumi tana dubansa.

"To, Injiniya," ta ce, "yau dai ba ka da sauri, ko?"

Ya buɗe baki zai faɗi jimlar farko. Idonsa ya sauka a kan nata. Jimlar ta tashi sama ta bar shi, ya waiga taga yana nemanta, sai ya ga wani tsuntsu a kan wayar titi.

"Kin san dalilin da ya sa wuta ba ta jan tsuntsu in ya zauna a kan waya?"

Daga nan fa sai hali ya yi halinsa. Ya yi bayanin tsuntsu. Ya shiga wayar da ake binnewa a ƙasa don ta sha wutar da ta ɓata hanya. Ya bi ta kan fis, ya faɗi laifin masu ɗaure shi da zaren ƙarfe, ya zana mata hanyar wuta a iska da cokalin shayi. Yana jin kansa yana magana kamar wanda birki ya tsinke masa a gangara, yana ganin bishiyoyi suna wucewa, ba damar tsayawa. Shayinsa ya huce, ya yi fata. Ita dai tana tagumi, ba ta katse shi ba ko sau ɗaya, sai da wani tsoho ya shigo neman gwaji sannan ta miƙe ta raka shi ƙofa.

A nan ta tura tabaranta sama da ɗan yatsa.

"Gaskiya, Injiniya, hirar nan taka ta yau..." Ta ɗan dubi sama kamar mai zaɓen zane a kanti. "*Illuminating*."

Turancin Auta na kwalin kayan wuta ne: ya san kalmar haɗari, ya san kalmar kunnawa da kashewa. Wannan kuwa bai taɓa gamuwa da ita ba. Amma namiji ba ya tsayawa a gaban wadda yake so ya ce bai gane ba. Ya yi murmushi, ya dafa ƙirji.

"Na gode. Ke ma haka."

Ya ji ta tuntsire da dariya bayan ya ba da baya, kuma dariyar nan ce ta hana shi sukuni.

Bai zarce ko'ina ba sai shagon askin abokinsa Koci. Koci bai taɓa horar da ko kaza ba, amma ba a buga wasan ƙwallo a duniya bai faɗi kuskuren mai horarwa ba, kuma daga bakin masu sharhin wasa ya tattaro Turancin da yake tinƙaho da shi a layin. Auta ya tarar da shi yana yi wa wani mai shagon buga takardu aski, an cinye rabin kai.

"Koci, ina da tambaya. Amma ba ni ba ne, wani ne."

"Wanin nan mai goge takalmi ranar aiki? Faɗi, ina ji."

"In mace ta ce maka hirarka... iluminetin. Me take nufi?"

Kilifa ta tsaya cak a tsakiyar kan mutumin. Koci ya juyo a hankali, ya dubi Auta irin duban da ake yi wa wanda ya dawo daga asibiti da takarda a hannu.

"Sake faɗa."

"Iluminetin."

"Eliminetin," in ji Koci, ya girgiza kai. "Inna lillahi. Mutumina, zauna. A ba shi ruwa."

"Mene ne?"

"An yi waje da kai. Kalmar da ake faɗa ke nan in an fitar da ƙungiya daga gasa. Ba kunnen doki ba ne, ba ƙarin lokaci, ba bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ka tattara rigunanka ka hau mota."

Mai buga takardu ya ɗaga rabin kansa daga cikin ƙyalle. "Anya ba laminetin ta ce ba? Irin wanda muke yi wa takardar shaida, a rufe ta da leda don kada ta lalace? In haka ne ai yabo ne. Tana so ta adana hirar."

"Malam, da kai da Turanci sai kwafi," in ji Koci, ya danna masa kai ƙasa. "Bari a tambayi waya, ita ba ta da dangi a cikinmu."

Ya zaro wayarsa ya rubuta kalmar yadda shi ya ji ta, da E a gaba, ya miƙa wa Auta. Wayar kuwa ba ta ɓoye komai ba: cirewa, kawarwa, fitarwa daga gasa. Can ƙasa har da hallakawa.

Auta ya ji kamar an sauke babban layi na unguwar zuciyarsa gaba ɗaya.

"Kai me ka ce mata?" in ji Koci.

"Na ce... na gode, ita ma haka."

Koci ya ajiye kilifa ya riƙe ciki. Mai buga takardu ma, da rabin kansa, sai da ya yi hawaye. "Kai ma ka fitar da ita!" in ji Koci yana dukan kujera. "Wallahi ka burge ni. Ƙungiya biyu, kowa ya kori kowa, kofi ya zauna a kabad!" Da ya lafa sai ya dafa kafaɗar Auta da fuskar manya. "Shawara ɗaya zan ba ka. Wanda aka fitar ba ya komawa fili yana zagaye. In sun sake kira, ka ce ba ka nan. Mutunci ya fi ƙwan fitila."

Haka Auta ya shiga zaman makoki. Yana aiki, amma kamar an ba shi aron hannuwan. Ya je haɗa fanka a wani gida ya haɗa ta tana juyawa baya. In ya ga tsuntsu a kan waya sai ya kau da kai, don a ganinsa da tsuntsun aka haɗa baki. Duk waƙar da aka sa a rediyo da shi take. Da aka kira daga shagon tabarau aka ce allo ya sake mutuwa, ya runtse ido, ya ce wa mai shago ba shi da lafiya, ya kashe waya, ya ji kamar ya yanke wa kansa yatsa da filaya.

Mama ce ta fara lura, don Auta bai taɓa barin abinci a kwano ba tun da aka yaye shi. Ta tsare shi a falo da rana tsaka yana kwance yana ƙirga silin.

"Kai, me aka yi maka?"

"Ba komai, Mama."

"Ba komai ne ya sa kake nishi kamar tsohuwar firji? Faɗa mini."

Da ƙyar ya ce wata ce ta gaya masa magana da Turanci. Mama ta ce wace magana. Ya faɗa.

"Alminiyam?" Fuskar Mama ta washe. "To ai yarinyar kirki ce! Tukwane take nufi. Wadda ta fara yi maka zancen tukwane ai ta gama shawara. Ka ce mata kada ta sayi masu sirara, suna kama abinci."

Daidai nan Yaya ta shigo, babbar 'yar Mama, ma'aikaciyar jinya, da farar rigarta a jaka da gajiyar asibiti a fuska. Ta ji ƙarshen maganar, ta dubi Mama, ta dubi ƙanenta a miƙe kamar gawa, ta ajiye jaka ta zauna. A duniya ba abin da ke warkar wa Yaya gajiya kamar ta samu Auta a cikin wani hali.

"Ɗauko mini daga farko," ta ce. "Kada ka tsallake komai."

Ya ba ta labari. Da ya zo kan tsuntsu ta rufe fuska da tafi. Da ya zo kan "ke ma haka" sai da ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa.

"Yaya, ni fa ba abin dariya ba ne a wurina."

"Yi haƙuri, ɗan ƙanena, yi haƙuri." Ta share ido. "Saurara. Kalmomi biyu ne, kamar tagwaye, amma ɗaya mutumin kirki ne ɗaya ɗan daba. Ta Koci da E take farawa, ita ce ta kora. Ɗayar da I take farawa. Asalinta daga haske ne, irin naka na fitila. In an ce magana haka take, ana nufin ta haska wa mutum kai, ya ƙaru, ya tashi ya san abin da bai sani ba da."

Auta ya tashi zaune kamar an jona shi da soket. "Haske?"

"Haske. To da wacce ta fara? I ko E?"

Ya mayar da kansa bakin ƙofar shagon, ya ga yatsanta a kan tabarau, ya ga leɓenta ya motsa. I ta ce. A'a, E. Da ya sake saurara sai ya ji muryar Koci ta shiga cikin tata. Ya juya kalmar a baki har ta narke, ta koma ba I ba E, wani abu a tsakani kamar kukan ƙofa.

"Da farko dai I na ji."

"Da farko."

"Amma ta yi dariya, Yaya."

"Ni ma ai na yi." Yaya ta miƙe ƙafa tana murza yatsu. "Kuma kada ka yi saurin murna. Ko da I ɗin ce, ka san lokacin da muke faɗinta a asibiti? In an tara mu a ɗakin taro, wani ya zo ya yi ta zuba har ƙafafunmu su kumbura, in ya gama sai shugabarmu ta tashi ta ce masa jawabinsa ya haska mana kai ƙwarai. Mu kuma mu tafa don ya tafi."

Auta ya koma ya kwanta. "Wato ko an kore ni, ko an mayar da ni malamin makaranta."

"Ni dai na ce tukwane ne," in ji Mama daga kicin.

Yaya ta dube shi, sannan ta ce, "Tsaya. Ƙwan nan da kake ta zuwa gyarawa. Ƙonewa yake yi?"

"A'a, kwancewa yake."

"Kullum?"

"Kusan duk mako."

"Auta, a duk gidajen da kake aiki, ƙwai nawa ka taɓa gani yana kwance kansa duk mako?"

"To, ai shagon a bakin titi yake. In manyan motoci suna wucewa, girgizar takan bi ta bango, ta shiga akwatin, a hankali a hankali sai mazaunin ƙwan ya..."

Matashin kujera ya same shi a fuska.

"Allah ya shirye ka," in ji Yaya. "Mama, zo ki ga abin da kika haifa. Tashi ka je ka tambaye ta da bakinka, tun kafin mai shago ya kira wani mai gyaran. Wani kuma ba lallai ya tsaya yi mata tarihin tsuntsaye ba."

Maganar wani mai gyaran ce ta ɗaga shi. Ya ga wani ƙato a ransa, mai gajeren bayani, yana murɗa ƙwansa, ana ce masa sannu da ƙoƙari. Bai tsaya goge takalmi ba.

Ya tarar da mai shago a gaba yana rubuta wa wata mata rasit. Mutumin ya ɗaga kai ya ce, "A'a, mara lafiya ya tashi? Shiga, tun jiya take gwada mutane da fitilar waya." Ƙofar ɗakin gwaji a buɗe take. Allon ya yi duhu, ƙaton E ɗin ya dushe kamar an yi masa rasuwa. Mai-Tabarau tana jera gilasan gwaji a akwatinsu, ba ta ko waigo ba.

"An ce ba ka da lafiya."

"E... na ɗan ji sauƙi."

"Me ya same ka?"

Bai shirya wa wannan ba. Ya duba hagu ya duba dama, ba abin da ke ɗakin sai kayan ido. "Ido ne," ya ce.

Sai a lokacin ta juyo. Ta dube shi sama da ƙasa, gefen bakinta yana rawa. "Ido. Kana ciwon ido, shi ya sa ka guji shagon ido. To gyara mana allo, sai a duba ka."

Ya buɗe akwatin ya sa hannu. Ƙwan a kwance, kamar kullum. Ya kama zai murɗa, sai ya ji yatsunsa suna santsi a jikin gilashin. Ya janye hannun ya kai hanci. Lemon tsami.

Ya tsaya da hannu a hanci, bayansa gare ta. Duk manyan motocin da ya ɗora wa laifi suka wuce ta cikin kansa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa ham. Ya murɗa ƙwan, haske ya cika allon.

"Zauna," ta ce.

Ya hau kujerar gwaji. Ta ɗauko wannan tabarau mai nauyi na ƙarfe, mai kama da abin da ake ɗaura wa mahaukacin masani, ta ɗora masa a hanci, ta toshe ido ɗaya da baƙin faifai. Ta koma gefen allo ta ɗauki sandar nuni.

"Wannan fa?"

"E."

"Madalla, ba ka makance ba. Na ƙasa?"

"Malama."

"Babu wannan harafin a allona."

"Malama, don Allah." Muryarsa ta fito siririya. Da ido ɗaya yake ganinta, ta cikin da'irar ƙarfe, kuma ko a haka ba ta rage komai ba. "Kalmar nan da kika faɗa mini ranar. Da wane harafi ta fara? Da I ko da E?"

Ta sauke sandar a hankali. "Wa ka tambaya?"

"Koci mai aski."

"Ya ce?"

"Ya ce an fitar da ni daga gasa."

Ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna girgiza. Sai da ta ɗauki lokaci kafin ta iya juyowa, ta cire tabaranta ta share ido da bayan hannu. "Shi ne ka kwanta ciwo? Saboda mai aski? Ina nan zaune, ƙofa a buɗe, ba ka tambaye ni ba, ka je ka tambayi mai aski?"

"Mama kuma ta ce tukwane ne."

"Wayyo cikina. Injiniya, ka rufa mini asiri, ina wurin aiki."

"Ba ki amsa ba."

Ta mayar da tabaranta. Ta matsa jikin allo, ta ɗaga tafin hannunta ta ɗora a kan ƙaton E, ta rufe haƙoransa ukun nan da suka miƙo dama. Hasken ya bi ta tsakanin yatsunta ya mayar da su ja. Abin da ya rage a fili sanda ɗaya ce tsaye.

"Yanzu karanta."

Auta ya ƙura wa allon ido. "I."

"Idonka lafiya lau. Kunnenka ma lafiya lau, abokanka ne ke bukatar gwaji." Ta sauke hannu. "Ma'anarta abin da ya haska maka kai. Na zaɓe ta ne musamman saboda kai mai haske ne, na ɗauka za ka je ka bincika ka ji daɗi. Ban san kotu za ka kai ta ba."

"Yayata ta ce ana faɗa wa wanda ya cika mutane da surutu."

"Yayarka tana da hankali, ka riƙe ta da kyau." Ta tura tabarau sama da ɗan yatsa. "Duka biyun ne. Na ƙaru, ba ƙarya. Yanzu ko a titi na ga tsuntsu a kan waya sai in ce, ka ci sa'a ƙafafunka biyu a layi ɗaya suke. Na san fis, na san wayar ƙasa. Abu ɗaya ne har yau nake cikin duhu a kansa. Mutum ya goge takalmi, ya sa sabuwar riga, ya zo murɗa ƙwai. Me ya zo faɗa?"

Zuciyar Auta ta buga, kuma kamar kullum bakinsa ya ɗauki caji.

"Wato, kin gane, ita wuta ba ta tafiya sai da layi biyu. In ɗaya ya kawo, dole ɗaya ya mayar, in ba haka ba ko da akwai ƙarfi a waya, ƙwan ba zai..."

Ba ta ce masa ya yi shiru ba. Hannu kawai ta zura a bayan akwatin, ba tare da ta ko duba ba, irin zurawar wanda ya san hanya. Aka ji ɗan ƙiris. Allon ya mutu.

Suka dubi juna a cikin hasken taga.

"Manyan motoci," in ji Auta a hankali.

"Suna da yawa a titin nan," ta ce, ko kunya babu. "Kada ka taɓa shi. Ba za a kunna ba sai ka faɗi abin da ya kawo ka. Kuma in na ji kalmar waya ko fis, wancan harafin na Koci zan mayar."

Ya nemi jimlolinsa uku da ya haddace a kan babur, ya tarar ko ɗaya ba ta biyo shi ba. Ba tsuntsu a taga. Ba abin da ya rage masa sai ƙarfen da ke danne masa hanci da ido ɗaya da ke kallonta.

"Ina sonki," ya ce. "Tun ƙwan farko. Wanda ya ƙone da gaske."

Daga gaba aka ji mai shago ya yi tari irin na wanda kunnensa ya fi idonsa aiki.

Mai-Tabarau ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki wani gilashin gwaji ta goge shi, ta mayar, ta sake ɗaukar shi. Sannan ta matso ta cire masa tabaran ƙarfen, ta tsaya tana kallon jan layin da ya bari a karan hancinsa.

"Ka ga wannan," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "ita ce hira mafi gajarta da ka taɓa yi. Kuma ta fi duk sauran..."

"Don Allah da Hausa," in ji Auta da sauri.

Ta yi dariya har wushiryarta ta fito. "Da Hausa: na gode. Kai ma haka."

Ya miƙe zai gyara ƙwan. Ta riga shi kai hannu, ta murɗa da kanta, hasken ya dawo.

"Bar shi," ta ce. "Na iya. Kai dai ka zo ranar da ba a kira ka ba."